Dutse Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Na san kun ji maganar a bakin mutane tun kuna ƙanana, wasunku ma an gore muku da ita a wurin wasa, cewa ubanku Isiyaku ya ci amanar wani tsoho, ya sayar masa da dutse. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin muddin mahaifiyarku Hajara tana raye ba ni da ikon buɗe shi. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙarfi ya tafi, don haka zan rubuta abin yadda ya faru. Ban sayar da dutsen kowa ba. Amma kada ku yi saurin murna, domin abin da na aikata ba abin alfahari ba ne.

A shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, ina aiki a wata makarantar horon malamai da ke bayan ganuwa. Ni ne mai kula da ɗakin kimiyya, in wanke kwalabe, in goge sikeli, in jera wa malamai kayan gwaji. Kullum da safe in hau kekena daga unguwarmu Kwarbai in fita ta Ƙofar Doka, sai bayan la'asar in dawo. Shugaban makarantar mutum ne mai son ɗalibi ya ga abu da idonsa, sai ya ce a shirya nunin duwatsun ƙasarmu na tsawon wata uku. Makaranta ba ta da nata, dole sai an aro wurin fatake da masu tara irin waɗannan abubuwa a cikin birni. Aka ɗora mini aikin saboda ni ɗan gari ne, kuma marigayi mahaifina ya yi limancin masallacin unguwarmu shekaru da dama. Mutane ba makaranta suka ba aron kayansu ba, ɗan Liman suka ba.

Na ɗauki aikin da muhimmanci fiye da yadda kowa ya zata. Na samo littafi mai baƙin bango na ja masa layuka. Duk dutsen da aka ba ni sai in ɗiga masa farin fenti a ƙasa, in ya bushe in rubuta lamba a kai da bakin alƙalami. A littafi kuma in sa lambar, da sunan mai shi, da inda aka samo shi, da nauyinsa a sikeli, da kamanninsa, in bar gurbin da mai shi zai sa hannu ko ya dangwala ranar da ya karɓi abinsa. Cikin mako uku na tara guda arba'in da ɗaya. Akwai tozali mai walƙiya, da kanwa ungurnu, da farar wuta, da tama, da baƙar kuza, da gishirin kantu, da wani dutse mai ɓarewa falle-falle kamar takarda wanda ɗalibai suka fi so. Na shimfiɗa auduga cikin akwatunan gilashi na jera su, mabuɗi yana aljihuna dare da rana.

Biyu daga ciki korra ne, kuma su ne asalin wannan labari. Ɗaya na kakanku ne Alhaji, mahaifin Hajara, wanda ke fataucin tozali da kanwa, yana kuma sayen duwatsun ado wurin masu haƙa a ƙasar Jos. Nasa shi ne lamba ashirin da uku, kore ne amma mai duhu, cikinsa duk tsaga. Ɗayan kuwa, lamba goma sha bakwai, na wani tsoho ne da ke zaune kusa da Ƙofar Kuyambana, ana ce masa Baba Audu Maikuza. Ya yi shekara kusan talatin yana haƙar kuza kafin ya dawo gida da tari da makanta. Ba shi da kowa sai 'yarsa Talatu, wadda mijinta ya mutu, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida tana ciyar da shi.

Ranar da na je wurinsa ya daɗe yana kwance ƙullin tsumma kafin ya fito da dutsen. Tsawonsa kamar babban yatsa, gefensa shida sumul, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga haske ya ratsa shi kamar ruwan rijiya. Ya gaya mini shi da ƙanensa Garba suka tono shi a rami ɗaya. Garba ya miƙo masa shi sama, ya koma ƙasa ya ci gaba da sara, kafin azahar ramin ya rufta da shi, ba a ma samu gawarsa ba. Tun daga ranar bai taɓa nuna wa mai saye ba. Ya ce ya ajiye wa Talatu ne, in ƙasa ta rufe masa ido ta ga abin da za ta yi da shi. Talatu ba ta so ya bayar ba, na ji tana gunaguni daga bakin murhu. Shi kuwa ya damƙa mini shi da tsummansa a tafin hannu, ya rufe da nasa hannun.

"Na yi salla bayan ubanka," in ji shi. "Kai wa yara su gani. In sun gama ka dawo mini da shi da kanka."

Nunin ya yi kyau, har daga wasu makarantu aka riƙa kawo ɗalibai. Ana saura mako biyu a rufe, Alhaji ya zo da wani baƙo, dillalin duwatsu daga Kano. Baƙon ya wuce duk akwatunan bai tsaya ba sai a gaban lamba goma sha bakwai. Ya roƙe ni in buɗe, na buɗe. Ya sa wani ɗan tabarau a ido ɗaya ya daɗe yana juya dutsen, sannan ya ajiye. Da suka fita na hange su ta taga suna tsaye a gindin dalbejiya, baƙon yana magana ƙasa-ƙasa, Alhaji yana shafa gemu. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da aka rufe nunin, masu kaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. In duba lamba, in duba littafi, in ɗora a sikeli a gaban mai shi, ya sa hannu ya tafi. Wajen hantsi Alhaji ya shigo tare da abokan kasuwancinsa biyu. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Akwatin korran duwatsun a buɗe yake. Kafin in miƙe ya sa hannu ya ɗauki dutsen Baba Audu, ya juya shi, na ga lambar da idona, ɗaya da bakwai da na rubuta da hannuna. Ya jefa shi a aljihun rigarsa, ya dube ni cikin ido.

"Na ɗauki nawa, Isiyaku. Ina zan sa hannu?"

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin suruki a wancan zamani ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in na hango shi a lungu sai in sauka daga keke. Ɗakin da muke ciki ma shi ya sa aka yi mana rufin kwano da damina ta rushe soron. Ga abokansa tsaye, ga ɗalibai suna kallo. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Nan, Baba." Na nuna masa layin lamba ashirin da uku, ya sa hannu da ajami, suka fita. Na gaya wa kaina kuskure ya yi, zan bi shi gida in gyara cikin sirri. Ƙarya nake yi wa kaina. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sayen duwatsu ba ya irin wannan kuskure, kuma na ga yadda ya dube ni.

Kwana biyu ina jan ƙafa. A rana ta uku na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na naɗe dutsen Alhaji a tsumman Baba Audu na nufi Kuyambana, ina cewa a raina ai tsohon ba ya gani. Na same shi a kan tabarma a zaure, tari ya rage masa jiki ƙwarai. Na miƙa masa. Ya kwance tsumman, ya bi dutsen da yatsunsa daga sama zuwa ƙasa sau ɗaya kawai, ya tsaya. Ya ce nasa yana da ɗan gurbi a kai, inda bakin digar Garba ya taɓa shi, kuma shekarun nan duk babu ranar da bai sa yatsa a gurbin nan ba. Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe dutsen ya miƙo mini.

"Malam Isiyaku, kaya sun yi maka yawa, ka haɗa nawa da na wani. Koma ka duba littafinka. Ina nan."

Ya san ba haɗawa na yi ba. Ƙofa ya buɗe mini don in fita da mutuncina. Talatu tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da ludayi a hannu, kallon da ta yi mini ya raka ni har Kwarbai.

Washegari na tattara ƙarfin hali na je gidan Alhaji. Na durƙusa a zaure na yi ta kewaye-kewaye kafin in ce ina jin an samu musanya a wurin duwatsu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi dai abin da ya sani ya ɗauki nasa, ni na nuna masa layi, ni na ga ya sa hannu, ga shaidu biyu. Ya ce dutsen ma ya riga ya tafi Kano tun jiya. Ya ƙara da cewa tsohon da ƙafarsa ɗaya ke kabari me zai yi da dutse, in 'yarsa na bukatar hatsi ai sai a aika mata da buhu. Daga nan ya tambaye ni jikin Hajara, domin a lokacin tana da cikin yayarku Rabi, ya ce in kula kada in jawo mata tashin hankali. Na fahimci abin da yake nufi.

A gida na gaya wa mahaifiyata Inna komai, Hajara tana tsakar gida tana tsince shinkafa, tana ji. Inna ta ce in tashi yanzun nan in je wurin mai unguwa da littafina, in faɗi abin da na gani, kowa ya ji haushi ya ji. Ta ce ubana bai taɓa barin kayan wani ya kwana a ɗakinsa ba tare da mai shi ya sani ba, kuma da sunansa na karɓo dutsen nan, ba da nawa ba. Na dubi Hajara ko za ta ce wani abu. Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na ce wa Inna a ba ni kwana biyu, wataƙila Alhaji ya sake tunani. Kwana biyu suka zama biyar, biyar suka zama goma. Kullum in fita aiki in dawo, in kauce wa duk hanyar da ta nufi Kuyambana. Inna ta daina amsa gaisuwata da baki, sai dai ta gyaɗa kai.

A rana ta goma sha ɗaya da safe, ina fitar da keke, aka zo aka ce Baba Audu ya rasu. Na je jana'iza. Da aka dawo daga maƙabarta wani maƙwabcinsa ya ja ni gefe ya ce tun kwana uku tsohon yake sa a zaunar da shi a zaure, duk ƙarar keken da ya ji sai ya tambaya ko ɗan Liman ne.

A ranar, bayan la'asar, na ɗauki littafi da dutsen na tafi wurin mai unguwa. Na yi abin da ya kamata in yi tun a ɗakin nuni, sai dai na yi shi lokacin da ba zai amfani kowa ba. Aka kira Alhaji da shaidunsa, aka kira Talatu, ta zauna daga bakin ƙofa cikin mayafi. Na faɗi komai, har da yadda na kai wa makaho dutsen da ba nasa ba. Na nuna lamba ashirin da uku a jikin dutsen da ya rage, na nuna nauyin da na rubuta, na ce a kawo sikeli a gwada.

Alhaji bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tambayi mai unguwa wa ya ɗiga fentin, aka ce ni. Wa ya rubuta lambobin, ni. Wa ke riƙe da mabuɗi wata uku, ni. Wa ya buɗe wa baƙon Kano akwati, ni. Ya ce to mai fenti da alƙalami da mabuɗi ai yana iya sa kowace lamba a kan kowane dutse, ya sayar da mai kyau, ya nemi wanda zai ɗora wa. Ya ce in da gaske na ga ya ɗauki abin wani, me ya hana ni magana a gaban mutane, me ya sa na jira sai da mai abu ya mutu. Shaidunsa suka ce sun ji da kunnensu na ce masa "Nan, Baba." Littafin da na yi ta alfahari da shi, shi ya zama hujja a kaina, domin layi ɗaya na ƙarya da na bari ya shiga cikinsa ya sa sauran layuka arba'in sun zama abin zargi.

Mai unguwa ya ce ba shi da abin da zai kama, a bar wa Allah. Ya ce ko Talatu za ta karɓi dutsen da ya rage. Ta miƙe tsaye.

"Ba na ubana ba ne, ba na so," in ji ta. "Ni ban san wanda ya sayar ba a cikinku. Wanda na sani shi ne wanda ya zo har zaurenmu ya karɓa."

Kafin Juma'a magana ta gama birni. A makaranta ba a kore ni ba, amma an karɓe mabuɗan ɗakin kimiyya aka ba wani, aka mayar da ni wurin rarraba alli. Na yi wata biyu na ajiye aikin. A masallacin da ubana ya yi limanci, in na shiga sahu sai in ga na kusa da ni ya gyara aljihunsa. Alhaji ya aiko cewa Hajara ta tattara kayanta ta koma gida, tunda mijinta ya tsaya a gaban jama'a ya kira ubanta ɓarawo. Ta ce wa ɗan aiken ta ji, amma ba ta tafi ba. Sai ya ce in haka ne kada ta ƙara taka masa gida. Aka haifi Rabi, ba wanda ya zo suna daga gidansu. Bayan shekara muka bar Kwarbai, na samu aikin awo a kasuwar auduga a ƙauye, inda aka haifi sauranku. Inna ta ƙi binmu, ta ce a ɗakin mijinta za ta mutu, kuma a can ta mutu. Talatu ma ta bar Kuyambana ta koma dangin uwarta, ban ƙara jin labarinta ba duk da na yi cigiya. Alhaji ya yi shekara tara bayan haka, kasuwancinsa ya bunƙasa, ya rasu da mutuncinsa a idon jama'a. Hajara ba ta sake ganin fuskarsa ba, sai ranar da aka fito da shi a makara.

Duk tsawon zamanmu ba ta taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa ambaton ubanta da mugun baki a gabanku ba. Na ɗauka ta zauna da ni ne saboda ta yarda da maganata kawai. Sai a ciwonta na ƙarshe, wata safiya ina ba ta kunu, ta ture kofin ta ce akwai abin da take so ta sauke kafin ta tafi. Ta ce ranar da aka rufe nunin ta je gidansu gaida mahaifiyarta. Ta samu Alhaji a bayan rumbu yana kankare farin fenti daga jikin wani koren dutse da wuƙa da kananzir. Bai gama ba lokacin da ta iso, kuma ni na koya mata lambobin boko a farkon aurenmu. Ta ga ɗaya, ta ga bakwai.

"Ranar da kuka je gaban mai unguwa, na sa mayafina har na kai zaure," in ji ta. "Sai na dawo na zauna. Da na yi magana, Malam, da an wanke ka. Ka yafe mini."

Na ajiye kofin. Na tuna shekarun da muka yi a ƙauye, da yadda kuke dawowa gida da kuka in an gore muku, tana share muku hawaye ba ta cewa komai. Na nemi fushi a zuciyata ban samu ba. Ita ubanta ne ya haife ta. Ni surukina ne kawai, kuma ni aka damƙa wa amanar.

"Da na buɗe baki tun a ɗakin nuni," na ce mata, "da ba a kai ga naki ba."

Ta rasu bayan kwana huɗu. Mun yafe wa juna, ni da ita, kuma wannan mai sauƙi ne. Wanda ke da ikon yafe mana na gaskiya ya mutu a zaurensa yana sauraron ƙarar keke.